Jakar kanbas da ruwan damina: me zan shafa mata?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, kuma abin ya tsaya mini a rai. Aikina allurar dabbobi ne, kullum ina bisa moto tsakanin Maraɗi da ƙauyukan Madarumfa, wani lokaci har Gabi da bakin dajin Babban Rafi. Ina da wata jakar goyo ta kanbas mai ruwan ƙasa, a gwanjo na saye ta shekara uku ke nan. Ƙarfi kam ba a magana, ƙaya ba ta huda ta, zarenta bai taɓa warwarewa ba. Ranar Talata hadari ya tare ni bayan na baro Safo. Ba rumfa, ba gida kusa, itacen da ke wurin ma gawo ne, kun san shi da damina ba ganye. Kafin in kai gari ruwa ya ratsa jakar. Kayen da nake rubuta sunayen masu dabbobi da adadin bisashensu ya jiƙe sharkaf, shafuka sun manne da juna, tawadar hatimi ta malale. Aikin wata biyu ne a ciki. Na kwana ina ɗaga shafi ɗaya-ɗaya da bakin wuƙa. Ba na son yar da jakar nan. Akwai abin da ake shafa wa kanbas ruwa ya daina shiga?

Mai Kabu-kabu: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri. Mu da muke bisa titi dare da rana leda muke sawa, shi ke nan. Amma na taɓa ganin masu amalanke suna shafa baƙin mai a tamfol, ruwa ba ya kama shi ko kaɗan. Gareji kyauta za su ba ka.

Ɗalibar Jami'a: Don Allah Yaya kada ka kusanci baƙin mai. Man da ya gama aiki cikin inji ya kwashi dattin ƙarfe da ƙonannen mai, yawan taɓa fata da shi na cutarwa, kai kuma a bayanka jakar take wuni, ga gumi. Sannan magungunan dabbobi kake sawa ciki. Warin ma ba zai taɓa fita ba.

Mai Kabu-kabu: To ƙanwata, na ji. Abin da na gani na faɗa, ban ce na gwada a jaka ba.

Baba Baduku: Ɗana, sannu da wannan asara. Ni baduku ne, gadon gidanmu ne, daga Tibiri munka zo Maraɗi tun ina yaro. Abin da kake nema kakin zuma ne. Mu da shi muke murza zare kafin ɗinki, don ruwa kada shi ruɓar da shi, kuma shi toshe hudar da basilla ta yi. Gafakar da mahaifina ya ɗinka wa wani malami da fatar jar akuya, har yau jikokinsa na zuba littattafai ciki, ɗinkin bai saki ba. Amma kafin in gaya maka yadda ake yi, gaya mini: jakar taka auduga ce ko roba? Don yanzu an cika kasuwa da yadin da anka yi kamar kanbas alhali leda ce anka saƙa. Kaki ba ya shiga irin wannan, bisa yake zama kamar majina, sai ya ɓanɓare.

Ɗan Zariya: Baba na gode. Wallahi ban sani ba. Takardar da ke ciki ta goge, ba a ganin rubutu.

Ɗalibar Jami'a: Yaya ga hanya mai sauƙi. Juya jakar ciki waje, ka zaro ɗan zare daga gefen ɗinki inda ba ya gani, ka riƙe da hantsaki ka kunna masa ashana. In auduga ce zai ci da wuta kamar takarda, warinsa na ƙonanniyar takarda, ya bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa. In zaren roba ne zai nannaɗe ya narke, ya bar ɗan ƙululu baƙi mai tauri. Ka kuma shafa cikin jakar da hannu. In ka ji wani santsi kamar an lulluɓe yadin da siririyar leda, ko yana ɓarewa kamar fatar maciji, to dama an yi mata shafen roba daga kamfani ne ya tsufa, maganinta daban.

Ɗan Zariya: Na gwada yanzu-yanzu. Toka ya bari, warin takarda. Ciki kuma ba wani santsi, yadi ne zalla, sai dai gindinta da aka yi wa ɗori da fata.

Baba Baduku: Alhamdu lillahi, to ta ci kaki. Saurara da kyau. Da farko wanke ta, ka cuɗe ta da buroshi, ka ɗauraye har ruwan ya fita fes ba kumfa, don sabulun da ya saura shi ke jawo ruwa cikin yadi. Ka shanya ta kwana biyu, ta bushe ƙarau. In ka rufe danshi da kaki, ka rufe ruɓa ke nan a ciki, bayan wata guda ka ji tana warin rumbu. Sannan ka samu curin kaki ka goga mata kamar mai goga sabulu a wanki, da ƙarfi, layi-layi, har ka ga yadin ya yi fari-fari. Daga nan sai zafi. Ni dutsen guga na gawayi nake sawa, ba mai zafi ƙwarai ba, in shimfiɗa tsohuwar takardar siminti mai tsabta tsakani. Za ka ga farin ya ɓace, yadin ya yi duhu, kakin ya nutse ke nan. Ka bari ta huce, ka sake. Shafe biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Murfi da kafaɗun jaka da gindi, nan ruwa ke zama, nan za ka yi uku. Kada dutsen ya taɓa fatar gindin, zafi na ƙanƙance fata ta taurare, ba ta komawa. Maɓallan roba ma ka kiyaye su.

Mai Fenti: Baba ina girmama ka, amma a zafin Maraɗi? Kaki? Watan Afrilu ya aje jakar bisa tankin moto ya shiga masallaci, ya fito ya tarar ta yi naso. Ni ina ganin wannan dabarar ta ƙasashen sanyi ce. Abin da ke aiki a nan silikon ne, irin wanda masu gilashi ke like taga da shi. A matse shi cikin gwangwani, a tsinka shi da man da muke kira wait-sifirit, a yi ta juyawa har ya zama ruwa-ruwa kamar kunu marar kauri, a shafa da buroshi, a rataye a inuwa kwana ɗaya zuwa biyu. In ya kama, rana ba ta narka shi. Na yi wa tamfol ɗin rumfata haka, damina biyu ke nan.

Baba Baduku: Ɗana, kyandir ka sani, ba kakin zuma ba. Kyandir ne ke lanƙwashewa cikin shago da bazara. Curin kakina shekara nawa yana cikin rumfar kwano, bai taɓa malalewa ba. Yana laushi, i, amma laushi daban narkewa daban.

Ɗalibar Jami'a: Duk ku biyun kuna da gaskiya ta wani gefe. Kakin zuma sai zafi ya kai wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa. Kakin kyandir, wanda daga man fetur ake samo shi, yawancinsa ƙasa da haka yake sakin jiki. Iskar Maraɗi da bazara tana wuce 40, ba ta kai 60 ba, amma ƙarfen da ya wuni a rana ya fi iska zafi nesa ba kusa ba, don haka maganar tankin moto abin dubawa ce. Wani kamfanin Suwidin mai suna Fjällräven yana sayar da curin kaki na shafa wa tufafinsa da jakunkunansa, haɗin kakin kyandir ne da na zuma, kuma goga shi ake yi a bi da dutsen guga, daidai yadda Baba ya faɗa. Su ƙasarsu sanyi, ba ruwansu da naso. Mu nan in za a haɗa, na zuma ya kamata ya rinjaya. A Ingila ma akwai Barbour, tun 1894 suke, rigunansu na auduga mai kaki sun yi suna wajen manoma da mahaya babur. Asalin abin daga matuƙan jiragen ruwa ne da suke shafa wa yadin filafilansu mai don ya daina shan ruwa.

Mai Fenti: To ai kin faɗa da bakinki, ƙasashen sanyi duka.

Ɗalibar Jami'a: Na faɗa, Kawu. Amma silikon ɗinka ma yana da nasa. In ya shiga yadi ya shiga ke nan, ba a cire shi, kuma bayansa ba abin da zai sake kama yadin, ko kaki ko gam. In jakar ta yage aka zo liƙa faci, sai an sha wuya. Haka nan ba ya kama yadin da aka riga aka shafa wa kaki. Dole mutum ya zaɓi ɗaya tun farko. Kaki kuwa in ya goge a wani wuri, ƙara masa kawai za ka yi.

Mai Fenti: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Kuma tunda na kawo maganar bari in cika ta: duk wanda zai yi, a waje zai yi, inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da mai shan taba. Kada wani ya ce ba shi da wait-sifirit bari ya sa esansin moto. Tururinsa kaɗai ya isa ya kama wuta daga nesa. Kuma silikon ɗin ya zama marar launi, mai warin tsami, ba wanda ake shafa wa fenti a kai ba.

Hajiya Mai Zuma: Sallama gare ku. Ɗiyata ce ta nuna mini wannan zance ta ce in sa baki, tunda zuma nake sayarwa. Ɗana mai jaka, in za ka sayi kaki kada ka ɗauki wanda aka matse zuma aka dunƙule haka nan. Akwai sauran zaƙi a ciki, da ƙafafun ƙudan zuma da ƙwansu. Ka shafa wannan, kiyashi za su yi maka sallama tun daren farko. Yadda nake yi: in zuba saƙar cikin tsohuwar tukunya da ruwa mai yawa, in ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ta narke, in tace da tsohon ɗankwali cikin bokitin ƙarfe, in bar shi ya kwana. Da safe za ka ga kakin ya taso sama ya daskare kamar faifai, rawaya, ruwan datti na ƙasa. Ka ɗaga shi, ka kankare baƙin da ke gindinsa da wuƙa. In ka maimaita sau biyu sai ya fito tas, ƙanshi kawai. Masu amya da yawa a ƙauye zubar da saƙar suke yi bayan sun matse, kai da kake yawo cikinsu ka tambaya, ba za ka rasa ba. Tukunyar kuwa ka sallama ta, ba ta sake komawa girki.

Ɗan Zariya: Hajiya Allah ya saka da alheri. Akwai wani mai amya a hanyar Gabi da nake yi wa awakinsa allura, gobe zan tambaye shi. In kakin bai isa ba fa, in ƙara da man kaɗe ko man gyaɗa don ya yi laushi?

Hajiya Mai Zuma: A'a ɗana. Man ci duk yana ɓaci, ya yi ɗoyi, ɓera kuma ya bi shi. Jakar da ƙaya ba ta huda ba, ɓera zai huda ta dare ɗaya.

Baba Baduku: Hajiya ta gama magana. In bai isa ba, kyandir fari za ka ƙara, kashi ɗaya cikin uku, kada shi wuce haka. Ka narka su tare, ka zuba a gwangwanin tumatir, in ya daskare ka fiddo curinka.

Maman Ƴan Biyu: Nan nake so in tsaya, don Allah ku saurare ni. Narka kakin nan ba wasa ba ne. Bara da damina ɗana babba ya ga ana yi a salula, ya ɗora gwangwanin kyandir kai tsaye bisa gawayi yana son ya shafa wa jakarsa ta lakwal. Ya tafi ɗauko buroshi. Kafin ya dawo abin ya fara hayaƙi, sai wuta ta tashi a bakin gwangwanin. Yaro ya ɗebo ruwa a moɗa ya watsa. Wallahi wutar sai da ta kai tsayin mutum, ta fantsama, ta sami bayan hannunsa. Mun yi sati uku muna zuwa wankin ciwo, tabon yana nan har yau. Kada a ɗora kaki a wuta kai tsaye. A sa ruwa a tukunya, a tsayar da gwangwanin cikin ruwan, ruwan ne zai narka shi a hankali. Kada a bar wurin. In ya kama, a rufe da murfi ko a zuba yashi, ban da ruwa. Kuma a kori yara.

Baba Baduku: Subhanallahi. Allah shi ƙara masa lafiya, ɗiyata. Abin da kinka faɗa shi ne daidai, tukunya cikin tukunya. Na yi kuskure da ban faɗa ba tun farko.

Ɗan Zariya: Allah ya ba shi lafiya Maman Ƴan Biyu. Na riƙe wannan.

Tela Bagalam: Na karanta duka tun daga sama, kuma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Malam, ka ce kayenka ya jiƙe. Ta ina ruwan ya shiga? Ka duba? Kanbas na auduga mai kauri in ya sha ruwa zarensa kumbura yake, ramukan saƙar su matse, shi ya sa tantin da ake yi da shi ke tare ruwa ko ba a shafa masa komai ba. Ni jakunkunan da ake kawo mini gyara, yawanci ba ta tsakiyar yadi suke yoyo ba. Ta zif ne, da layin ɗinki, da inda aka kafa igiyoyin goyo a sama. Kowace allura rami ta bari. Kai kuma bisa moto kake, iska tana tura ruwan ta gefe, ba daga sama kaɗai yake sauka ba. Ka shafe yadin duka da kaki ka bar zif a buɗe ga sama, wallahi aikin banza ka yi, ruwan ma da yadin ya ƙi sha gangarowa zai yi ya taru a kan zif ɗin. Ɗauko jakar, cusa mata tsofaffin jaridu, ka sa yaro ya zuba mata ruwa da buta daga sama, ka buɗe ka ga inda takarda ta fara jiƙa.

Ɗan Zariya: Maigida tela, ka yi gaskiya. Na yi gwajin da jarida. Wuri biyu ne suka fara jiƙa: ƙarƙashin zif na sama, da kusurwar da igiyar hagu ta kama. Jikin jakar sai daga baya ya yi danshi. Kayen nawa kuwa a aljihun sama nake sa shi, daidai ƙarƙashin zif ɗin.

Tela Bagalam: To ka gani. Kai ta wurin kowane tela mai keken ɗinkin tamfol, ya ɗora maka leɓe bisa zif ɗin, faɗin yatsa uku, bakinsa na kallon ƙasa kamar indararo. A yi ɗinkin kafin kaki, don kaki na cushe allura da haƙoran keke, ba telan da zai so. Bayan nan layukan ɗinki duka ka bi su da narkakken kaki da ɗan ƙaramin buroshi, ciki da waje, ka bi da zafi. Haƙoran zif ɗin ma ka goga musu kyandir, zai riƙa gudu. Abu ɗaya kuma: bayan jakar da ke manne da rigarka, da cikin igiyoyin, kada ka shafa musu. Gumi da zafin jiki za su fiddo shi, ya ɓata maka farar riga, wanki ba ya fitar da shi da sauƙi.

Mai Kabu-kabu: Duk da haka ni dai ina nan kan ledata. Ruwan da aka yi ƙarshen Agustan 2024 a garin nan, wanda ya rushe gidaje, wace jaka ce za ta tsaya masa? Ko gulbi ya kawo ka zo tsallakawa moto ta kwanta?

Tela Bagalam: Ba wanda ya ce a bar leda. Kaki na kore ruwan sama ne, ba ya mayar da jaka salka. In ta nutse a gulbi ruwa zai shiga, ko ta wane kamfani ce. Takardu da salula wurinsu daban: leda mai kauri, ba baƙar ledar cefane da ke fashewa ba, a naɗe bakinta sau uku a ɗaure da roba. Ko a ɗinka ƴar jaka da yankin tamfol na roba a sa ta ciki.

Baba Baduku: Mutanen da ma haka sunka yi. Littafi cikin gafaka, gafaka cikin burgame, mutum kuma ya kifa kabido na kaba a kansa. Uku ne, ba ɗaya ba.

Ɗalibar Jami'a: Yaya, sauran abu biyu da za ka sani kafin ka fara, don kada ka ji haushi daga baya. Launinta zai yi duhu, ta ƙara nauyi da tauri, inda ta lanƙwashe kuma za ka riƙa ganin fararen layuka. Sannan ba a sake wanke ta da omo ko ruwan zafi, sai buroshi da ruwan sanyi. Ni abin da ya fi damuna ƙurar hunturu ce. Kakin da ya yi yawa a sama yana kama ƙura, jaka ta koma ja.

Baba Baduku: Wanda bai nutse ba ne ke kama ƙura. In ka gama, shafa tafin hannunka. In ka ji danƙo, ka maida dutsen guga da sabuwar takarda ta tsotse rarar. In damina ta wuce ka goge ta ka rataye a inuwa, ba cikin leda ba. Watan Mayu ka ƙara mata shafe ɗaya kafin ruwan fari.

Mai Fenti: Ni dai har yanzu ina jiran bazara ta raba mu, Baba. Malam mai jaka, in Afrilu ta zo ka gaya mana gaskiyar abin da ka gani.

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana tara. Mai amyar nan ya ba ni saƙa cike da kwano, ya ƙi karɓar ko dala. Na tace sau biyu yadda Hajiya ta ce, na sami faifai ɗaya mai kaurin yatsa, na ƙara kyandir biyu, tukunya cikin tukunya, yara na ɗaka. Tela ya sa leɓen zif. Shafe biyu na yi, murfi da ɗinki uku, ya ci mini yini guda da rabi. Na yi ɓarna ɗaya: dutsen ya yi zafi da yawa ya taɓa bakin igiyar roba ta gefe, ta ɗan narke, sai da aka sake ta. Jiya da la'asar ruwa ya same ni tsakanin Madarumfa da Ɗan Isa, kusan rabin awa ina cikinsa. Ina kallon ruwan yana taruwa ƙwaya-ƙwaya a murfin yana gangarewa. Da na isa na buɗe, ciki a bushe, sai kusurwar igiyar hagu da ta yi ɗan danshi kamar faɗin dala. Kayen yana cikin ledarsa, ko ɗigo. Maigida tela, kusurwar nan in ƙara mata kaki, ko ɗinkin ne ya buɗe?

Tela Bagalam: Nauyin jakar duka a nan yake rataye, ramukan allurar sun faɗaɗa, kaki kaɗai ba zai riƙe ba. A ɗora mata ɗan facin fata ta ciki a sake ɗinkewa da zare mai kaki, da hannu. Wannan aikin Baba ne, ba na keke ba.

Baba Baduku: Kawo ta ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ina rumfa. Ka taho da sauran curin kakin.